Sakan Arba'in da Suka Rage

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe situdiyo da kaina. Shekara goma sha ɗaya muna wurin nan, sai yau na taɓa sa makulli a ƙofar, don kullum Yaya ne ke riga kowa zuwa. Ashe sai an ɗaga ƙofar sama kaɗan kafin makullin ya juya. Na fi minti goma ina fama, har mai shagon hoto na ƙasa ya hauro ya nuna mini. Ya tambaye ni jikin Yaya. Na ce da sauƙi.

Teburinsa yana nan yadda ya bar shi ranar Litinin. Na wanke kofin shayinsa. Fensirin da ya faɗi ƙasa ban ɗauka ba tukuna.

Bari in rubuta inda muke, ko kaina zai daina juyawa. Fim ɗinmu na katun, na tsohon mai gyaran laima, minti ashirin da biyu ne. An gama komai sai sakan arba'in na ƙarshe, inda ruwa ya sauko bayan shekarun fari, tsohon ya tashi daga bencinsa, ya buɗe laima, ya taka cikin titi. Zane goma sha biyu ke ba da sakan ɗaya, wato zane ɗari huɗu da tamanin ke nan. Masu shirya taron fina-finan yara suna son fim ɗin ranar 24. Duk wani motsi na tsohon nan, tun daga farko, Yaya ne ya zana shi da hannunsa. Na dama.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Daga asibiti nake. Likita ya faɗi sunan abin, na ji, ba zan rubuta ba. Yaya yana gane mutane. Ya kalle ni ya daɗe, ni kuma na yi ta gyara masa zanen gado wanda ba abin da ya same shi.

A waje Anti, matarsa, ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke ce kawai ke tare da shi ranar. Me ya faru ne?"

Na ce, "Muna magana ne, Anti."

"Maganar me?"

"Ta aiki."

Ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mun zauna mu uku. Dogo, wanda ke zana mana gidaje da bishiyoyi da sararin sama, ya ce a rufe fim ɗin da hoto ɗaya tsayayye, tsohon yana zaune, a sa ƙarar ruwa a kai, shi ke nan. Kunne, mai haɗa mana sauti, ya ce shi ruwa ba matsala, yana da ruwa kala bakwai a kwamfutarsa, har da wanda ya ɗauka a bokitin wankan gidansu.

Na ce, "Minti ashirin da ɗaya yara suna jiran mutumin nan ya tashi. Sai mu bar shi zaune?"

Dogo ya ce, "To wa zai tashe shi? Ni dai kin san mutanena. In na zana mutum kamar turken lantarki yake fitowa."

Kunne bai ɗago kai daga wayarsa ba ya ce, "Ke fa?"

Na ce ni launi nake sawa, ni ke yanka fim in haɗa shi.

Ya ce, "Kafin nan fa?"

Ba banza muke ce masa Kunne ba. Ba ya mantawa da abin da ya ji, ko na shekara tara ne.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na ɗauki fensirin. Na fiƙe shi. Kwana goma sha takwas, zane ashirin da bakwai kowace rana. Za a yi.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Tara. Uku daga ciki na yaga.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Masu taron sun aiko saƙo, suna son shafi ɗaya na tarihin situdiyonmu don ɗan littafin da za su raba wa baƙi. Yanzu fa. Na buɗe takarda na rubuta "An kafa" na tsaya.

Ba a kafa mu ba. Yaya ne ya cire gilashin tagar ɗakinsa, ya ɗora a kan akwatin katako, ya sa ƙwan fitila a ƙarƙashi don ya riƙa ganin zanen ƙasa ta cikin na sama. Wata uku ya kwana da kwali a taga, sauro ya yi biki. Takarda kuwa bayan tsofaffin kalandu ne da wani kanti ya zubar. Aikinmu na farko minti ɗaya ne, na wanke hannu, wata ƙaramar asibiti ta sa mu. Idan ka lura da kyau, ta bayan fuskar yaron da ke wanke hannun kana iya hango lambobin watan Maris.

Lokacin ni ma zane nake yi. Shekara shida ina yi, har ranar da Yaya ya ɗaga wata takardata ya duba a haske ya ce, "Hannunki yana da tsoro. Kina zana layi kamar mai neman izini." A gaban Dogo da Kunne ya faɗa. Washegari na koma kan launi, ban sake ba, shi kuma bai tambaye ni dalili ba.

Wannan ba zai shiga littafinsu ba.

Yau sha huɗu.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sun sake kira, mutanen kamfanin tallan nan. Ban ɗauka ba. Takardarsu ta ɗaukar aiki tana nan cikin jakata, a aljihun da nake sa makulli, duk lokacin da na sa hannu sai na taɓa ta.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ashirin da biyu. Yatsana na tsakiya ya yi kanta. Dogo ya naɗa mini filasta ya ce yanzu na zama ma'aikaciya, da can yawon buɗe ido nake yi a ofis.

Ya karɓi aikin launi daga hannuna ba tare da na roƙe shi ba. Kunne kuma shi ke sa takardun a sikana ɗaya bayan ɗaya, yana ƙunƙuni wai shi da ya yi karatun sauti ya koma mai fotokwafi. Amma ya fi kowa kula da lambobin, ko ɗaya bai juya ba.

An sallami Yaya yau. Anti ta ce an maido gadonsa falo saboda matakala.

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na kai masa zane sittin na farko, na tashin tsohon daga benci. Yana zaune a kujera, an tokare masa gefen dama da matashi. Na durƙusa a gabansa na riƙe takardun, na sake su da babban yatsa yadda muke yi, tsohon ya miƙe tsaye.

Ya yi alama in sake. Na sake. Sau huɗu.

Sai ya miƙo hannun hagu ya buga yatsa a kan gwiwar tsohon. Ya buɗe baki, maganar ta zo rabi ta tsaya. Ya sake gwadawa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Na ce, "Gwiwar ce ta yi tsawo, Yaya?"

Ya girgiza kai.

"Ta yi gajarta?"

Ya rufe ido. Anti ta ce ya gaji, in bari sai wani lokaci.

A hanya na yi ta ce wa kaina ba fushi yake da ni ba, da bakinsa yake fushi. Ban sani ba. Tun ranar Litinin ɗin nan ba mu kasance mu biyu kaɗai a ɗaki ba, kuma ni ce nake tabbatar da hakan.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Gwiwar lafiyarta ƙalau. Na auna ta da duk zanensa na baya. Na ci gaba da tafiyar tsohon cikin titi, na bar tashin.

Lahadi, 14 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je na tarar da matar da ke koya masa motsa jiki. Na zauna a gefe ina jira su gama. Ta ce masa, "Yau da kanka za ka tashi, ba mai riƙe ka."

Ya matso bakin kujera. Ya ja ƙafar hagu baya. Ya ɗora tafin hannunsa a gwiwa, ya sunkuyo har goshinsa ya wuce yatsun ƙafarsa. Ya yunƙura, ya ɗago kamar taƙi ɗaya, ya koma ya zauna. Ya yi numfashi. Ya kalli ƙasa kamar yana shawara da ita. Sai a karo na biyu ya miƙe, kuma ko da ya miƙe bai saki gwiwar ba sai da ya tabbatar ƙasa ba za ta gudu ba.

Anti tana share hawaye. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ƙirga nake yi. Sunkuyawa zane takwas. Yunƙurin farko shida. Zaman da ya yi yana kallon ƙasa, goma sha biyu cif.

Abin da yake nuna mini ke nan ranar Juma'a. Tsohona yana tashi kamar ɗan shekara ashirin da aka kira shi cin abinci. Mutumin da ya shekara bakwai a kan benci yana jiran ruwa ba haka zai tashi ba.

Na ji kunyar kaina, ɗan'uwana yana fama ni ina auna shi. Duk da haka ina fita na zauna a dakalin ƙofar gidan na zana shi a bayan takardar da ke jakata. Eh, waccan takardar. Ita kaɗai ce a hannuna.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na cire sittin ɗin nan na sa a kwali. Dogo ya riga ya yi wa arba'in launi. Da na gaya masa ya dube ni, ya dubi silin, ya ce zai je ya sha iska. Ya dawo da burodi da shayi na mutum uku ya ce, "To, a ina za mu fara?"

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Talatin da ɗaya jiya. Talatin da huɗu yau, kuma rana ba ta faɗi ba. Hannuna yana rawa in na ɗaga kofi, amma a kan takarda ba ya yi.

Na ƙara layi biyu a tarihin. Shekara ta huɗu, da rufin shagon da muke ciki a lokacin ya yi yoyo, zane ɗari uku suka jiƙe a dare ɗaya. Muka shanya su a igiyar wanki kamar kayan jarirai, maƙwabta suna leƙe. Waɗanda suka bushe sun yi kumburi, shi ya sa a fim ɗinmu na biyu akuyar take rawar ɗari ba dalili. Mutane suka ce dabara ce. Yaya ya ce kowa ya yi shiru.

Bayan nan ne muka hauro nan sama. Kunne ya zo gyara mana lasifika na rana ɗaya, yau shekararsa goma bai gama gyaran ba. Ba mu taɓa wuce mu huɗu ba. Sau biyu manyan kamfanoni suka nemi su haɗiye mu, Yaya ya ba su shayi ya raka su har ƙasa.

Shi ya sa ban san yadda zan gaya masa ba, na yi wata guda ina juya maganar a baki. Kuma da na tashi faɗa ban faɗa da kyau ba.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na nuna masa sabon tashin a kwamfuta, ba launi, layin fensir kawai. Anti tana tsaye a bayansa.

Tsohon ya matso bakin benci. Ya dafa gwiwa. Ya yunƙura, ya koma. Ya kalli ƙasa.

Sai na ji wani sauti daga Yaya, na zaci shaƙewa ya yi, har na miƙe. Ashe dariya ce, da rabin baki, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza. Ya nuna allon, ya nuna ƙirjinsa. Ya ce, "Ni." Ya sake tattara ƙarfi ya ce, "Ɓa-rau-niya."

Kalma mafi tsawo da ya faɗa tun da abin ya faru, kuma zagina ya yi da ita. Anti ta ce gobe za ta gaya wa likita.

Alhamis, ƙarfe bakwai da rabi

Ban tafi ba, na bi Anti kicin ina taya ta wanke-wanke. Ina riƙe da faranti na gaya mata. Na ce ranar Litinin ɗin na ce masa zan bar situdiyo, kamfanin talla sun ba ni aiki. Na ce masa shekara tara ina cika launi a cikin layin wani, na gaji. Na faɗi wani abu kuma bayan wannan, wanda ko ita ban maimaita mata ba. Yana cikin ba ni amsa fensirin ya faɗi daga hannunsa.

Anti ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can ta ce, "Ya sani tun kafin ki faɗa. Sun kira shi sati biyu kafin nan suna tambaya a kanki. Ya ce musu in sun same ki sun yi sa'a. Ya dawo gida ranar ko abinci bai ci ba."

Na ajiye farantin.

Ta ce, "Wata shida yana ɓoye mini ciwon kai. Maganin da aka rubuta masa na tsince shi a aljihun riga ko ɓarewa bai yi ba. In laifi kike nema, ki shiga layi, ina gabanki, shi kuma yana gabanmu duka. Miƙo mini murfin nan."

Na miƙa mata.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Saura ɗari da sittin, kwana huɗu. Ba zai yiwu ba. Na zauna na duba ƙarshen da idon mai yanka fim, ba na mai zane ba. Tsohon ba ya bukatar ya kai ƙarshen titi. Taku bakwai ya isa, sai laimar ta cika allo. Na cire sakan huɗu. Saura ɗari da goma sha biyu.

Kunne ya ce zai gajarta ruwansa, amma in sani ruwa mai kyau ne na yanke.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kira kamfanin da kaina. Matar da ta ɗauki wayar ta yi kirki, ta ce sun jira iya jira, ko zan iya farawa ranar ɗaya ga wata? Na ce a'a, na gode. Ta ce ko saboda rashin lafiyar da ta ji an yi a gidanmu ne? Na ce da farko haka ne, yanzu kuma ina da wani aiki a hannu da nake son in ga inda zai kai ni.

Na ajiye waya na shiga bayan gida na yi kukana, don aikin mai kyau ne kuma na so shi. Na wanke fuska na dawo. Saura talatin da takwas.

Talata, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ƙarshe. Lamba ɗari huɗu da talatin da biyu. Laima ce kawai da ɗigon ruwa uku.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe huɗu saura kwata

An tura. Dogo ya kwanta a ƙasa ya miƙe, ƙafafunsa har bakin ƙofa. Tarihin ma na tura, layi goma sha ɗaya: gilashin taga, kalandu, yoyo, mu huɗu. A jerin sunaye Kunne ya sa sunana a ƙarƙashin na Yaya, wajen masu zane. Na ce ya cire. Ya ce kwamfutar ta ƙi.

Asabar, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Zauren ya cika, yara sun fi ɗari biyu, ga hayaniya. Yaya bai zo ba, likita ya hana shi shiga taro. Na tsaya a baya kusa da ƙofa.

Da tsohon ya yunƙura ya koma ya zauna, suka fashe da dariya. Da ya tsaya yana kallon ƙasa, dariyar ta mutu. Wata yarinya a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Tashi mana, Baba." Da ya miƙe suka yi tafi tun kafin ya buɗe laimar, har ba a ji ruwan Kunne ba. Yana ta mita har muka fito.

Ni na ga kurakurai biyar. A taku na huɗu ƙafar hagu tana zamewa. Na rubuta su duka.

Litinin, 29 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yaya ya zo situdiyo. Ba wanda ya gaya mini, sai jin muryar Anti na yi a ƙasa tana cewa a hankali. Matakala ashirin da ɗaya, Dogo yana bayansa, sun yi kusan rabin awa. Ya iso yana gumi, ya tsaya yana kallon teburinsa. Takarduna ne a baje a kai, da filastata, da kofina. Na fara tattarawa da sauri.

Ya ɗaga hannu ya hana ni. Ya nuna ƙaramin teburin da ke gefen taga, inda nake yin launi da. Dogo ya ja masa kujera can.

Na ce, "Yaya, abin da na ce ranar nan..."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Takarda."

Na ba shi. Anti ta danne masa gefenta da hannu don kada ta zame. Ya riƙe fensir da hagu, riƙon yaron da aka kai makaranta yau. Ya daɗe. Mu duka muka yi kamar muna aiki. Da ya gama ya turo mini: da'ira ce, a karkace, bakinta bai haɗu ba, da ɗigo biyu a ciki da wasu layuka a sama kamar kunnuwa ko ƙaho.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ɗaga kafaɗa ɗaya. Shi ma bai sani ba tukuna.

Na ɗauko sabon fayil daga kabad, na rubuta lamba ɗaya a kusurwar takardar, na sa ta ciki. Sannan na miƙa masa ta biyu.